Filin Masu Karatu: Tagor a Bakin Masu Fassara

Wasiƙun wannan fitowa duka sun taru a kan mutum ɗaya, marubucin ƙasar Bengal wanda za ku ga an rubuta sunansa Rabindranath Tagore a bangon littattafai. Mu za mu riƙa kiransa Tagor. An haife shi a birnin Kalkata na Indiya ranar 7 ga Mayu 1861, a can kuma ya rasu ranar 7 ga Agusta 1941. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Daga wani malamin lakwal a Tahoua: Assalamu alaikum. Da na zo Yamai na sayi L'Offrande lyrique wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Na karanta wajen waƙa talatin, sai na ji abu ɗaya ake ta maimaitawa: fure, sarewa, jira a bakin ƙofa. Ba kari, ba amsa-amo. Me aka gani har aka ba mutumin nan kyautar Nobel? Ko ni ne ban gane ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka lafiya lau yake. Littafin da ke hannunka, wato Gitanjali da Faransanci, fassarar fassara ce. Tagor ya fitar da Gitanjali da Bengalanci a 1910, waƙoƙi 157 masu kari da amsa-amo, da yawansu kuma ya sa musu murya don a rera. A 1912 shi da kansa ya mai da wasu waƙoƙinsa zuwa Ingilishi, amma a zube. Guda 103 ne, kuma hamsin da ƴan kai kawai suka fito daga Gitanjali na asali. Sauran ya tsinto su daga wasu littattafansa kamar Naibedya da Kheya da Gitimalya. Mawaƙin Ailan W. B. Yeats ya sa hannu ya yi gyare-gyare, ya rubuta gabatarwa, aka buga a Landan. A 1913 aka ba Tagor Nobel, shi ne na farko da ya same ta a fagen adabi ba ɗan Turai ba. Daga wannan Ingilishin ne marubucin Faransa André Gide ya fassara zuwa Faransanci, domin Gide bai jin Bengalanci.

To ka ɗauki waƙar makaɗin da ka fi so, ka cire kalangu, ka sallami ƴan amshi, ka rubuta ma'anar a zube da Faransanci, sannan ka miƙa wa baƙo. Zai ce maka mutumin nan maimaici ya yi masa yawa, alhali maimaicin nan shi ne amshin da ke ɗauke da waƙar. Haka abin yake a nan. Yawancin waƙoƙin Tagor na rerawa kashi huɗu gare su, kuma mai rerawa yana ta komawa ga ɗangon farko tsakanin kashi da kashi. A takarda komawar ta ɓace, sai surorin suka rage tsirara.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tagor ya tausasa harshensa don kunnen Turawan zamaninsa, daga baya ma ya rubuta cewa ya zalunci waƙoƙinsa da irin wannan fassara. Duba ta 35, addu'ar da yake yi wa ƙasarsa ta zama inda zuciya ba ta tsoro kuma ilimi ba shi da shinge. A asali ɗango 14 ce, kowane ɗango gaɓa 14, bibbiyu suna amsa juna, tana tafe kamar ana dasa ƙafa. A ƙarshenta yana roƙon Ubangiji ya doki Indiya da hannunsa, duka na rashin sassauci, don ta farka. A Ingilishi da Faransanci dukan ya fita, sunan Indiya ma ya fita, saura roƙo mai laushi cewa ƙasa ta farka. Mai karanta fassarar sai ya ɗauka dattijo ne mai sanyin murya kullum, ga shi kuwa mutumin da ya mayar wa Ingila lambar girman da ta ba shi a 1915, bayan kisan da sojoji suka yi wa jama'a a Amritsar a 1919.

Duk da haka kada ka ajiye littafin, akwai alheri mai yawa cikinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a karanta shi kamar labari, shafi bayan shafi. Uku ko huɗu sun isa zama ɗaya, kuma a bayyane, ba a zuci ba. Fara da waɗanda ke da labari a ciki, don su ne fassara ba ta iya kashewa. Ta 50 almajiri ne mai bara ƙofa-ƙofa, sarki ya tsai da keken zinariyarsa a gabansa, maimakon ya ba shi sai ya miƙa hannu yana roƙo. Almajirin ya ciro ƙwayar hatsi mafi ƙanƙanta ya ba shi. Da dare da ya zazzage jakarsa sai ga ƙwaya ɗaya tak ta zinariya, ya yi kuka don bai ba da duka ba. Ta 11 tana ce wa mai ibada ya fito daga ɗaki mai duhu ya je inda manomi ke fasa busasshiyar ƙasa da inda mai aikin hanya ke fasa dutse. Ta 60 yara ne ke wasa a bakin teku.

Bayan su ka koma ga na damina, 18 da 22 da 23. A nan kai ɗan Adar ka fi Gide kusa da mawaƙin. Hadari a waƙar Turai yakan zo da ƙunci. A Bengal kuwa ana shan zafin bazara har ƙasa ta tsage, sannan hadari ya haɗo a watannin Ashar da Shirabon, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta, kuma shi ne lokacin begen wanda ke nesa. Wanda ya taɓa tsayawa yana kallon gabas ta yi baƙi bayan watanni ana jira, ba sai an yi masa sharhin waƙoƙin nan ba. Na ƙarshen littafin kuma, masu maganar mutuwa, ka karanta su da sanin cewa matarsa ta rasu a 1902, ƴarsa a 1903, mahaifinsa a 1905, ƙaramin ɗansa kuma kwalara ta ɗauke shi a 1907.

In kana da intanet a salula, nemi Rabindra Sangeet, sunan da ake kiran waƙoƙinsa na rerawa, waɗanda sun haura 2,000. Saurari muryar Suchitra Mitra ko Debabrata Biswas ko da ba ka jin kalma ɗaya, sannan ka koma ga takarda. In kana karanta Ingilishi, William Radice ya fassara zaɓaɓɓun waƙoƙinsa kai tsaye daga Bengalanci a 1985, ya kuma sake fassara Gitanjali a 2011 yana ƙoƙarin maido da tsarin waƙa.

Daga wani matashi a unguwar Bukoki, Yamai: A fadarmu muna kallon finafinan Indiya sosai. Harshen da Tagor ya yi rubutu da shi, shi ne wanda ake yi a fim?

A'a, ɗan'uwa. Finafinan da muka saba da su na Hindi ne. Bengalanci harshe ne daban mai haruffansa, mutum fiye da miliyan 200 ke magana da shi a Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Dangin juna ne, amma mai jin ɗaya ba lalle ya ji ɗayan ba. Taken ƙasar Indiya da na Bangaladash duka daga waƙoƙin Tagor aka ɗauko su. In ta fim kake son shiga, an yi Kabuliwala da Hindi a 1961, Satyajit Ray kuma ya yi Teen Kanya a 1961 da Charulata a 1964 da Bengalanci, dukansu daga labaran Tagor. Ku shirya wa tafiya a hankali, ba faɗa ba tsalle, kyamara takan daɗe a kan fuskar mutum.

Daga wata Hajiya a Yantala, Yamai: Mu mata takwas ne muke haɗuwa duk ranar Asabar muna karatu tare. An ce mana gajerun labaransa sun fi waƙoƙin sauƙin shiga. Da wanne za mu fara, kuma wace fassara za mu nema?

Hajiya, wanda ya gaya muku haka ya yi gaskiya, kuma a ganinmu labaran ne ƙofar da ta dace da mai karatu Bahaushe. Sun haura 80, kuma mafi kyawunsu ya rubuta su ne daga 1891 zuwa 1895, lokacin da mahaifinsa ya tura shi kula da gonakin gidansu a Shilaidaha da Shahzadpur da Patisar, waɗanda yau suna cikin Bangaladash. Yakan yi kwanaki cikin jirgin ruwa a kogin Padma. Ɗan masu kuɗin birni ya zauna yana kallon manoma, matuƙa jirgi, amaren da aka kai gidan miji suna ƴan yara, marayu masu aikatau. Daga nan labaran suka fito.

Ku fara da Kabuliwala na 1892. Rahmat ɗan Afganistan ne mai yawon talla a Kalkata, yana sayar da zabibi da busassun ƴaƴan itace da mayafai, wani lokaci bashi. Ya shaƙu da Mini, yarinya ƴar shekara biyar mai surutu, ƴar mai ba da labarin. Uwar yarinyar tana tsoron ko mai satar yara ne. Wata rana ya soki wani da ya ci bashin mayafi ya musanta, aka ɗaure shi. Bayan shekara takwas ya fito, ya nufo gidan da ƴar tsarabarsa, ya tarar ranar auren Mini ce, kuma ba ta tuna shi ba. Sai ya sa hannu cikin riga ya ciro wata tsohuwar takarda ya warware a hankali. Ba hoto ba ne, shatin tafin hannun ƴarsa ne da aka shafa wa kunkunniya aka danna, abin da yake yawo da shi a ƙirji duk shekarun nan. Uban Mini ya rage fitilu da makaɗan biki ya ba shi kuɗin komawa gida.

Duk wadda take da miji ko wa ko uba da ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ta san Rahmat. Amma ku lura da abu ɗaya da fassara mara kyau ke zubarwa. Rahmat yakan tsokani Mini da tambayar yaushe za ta tafi gidan surukai. A bakin irin su Rahmat, gidan surukai habaici ne na gidan kaso. Ranar da aka kama shi, yarinyar ta tambaye shi ko gidan surukai za shi, ya ce can za shi. Ranar da ya dawo ya sake yi mata tambayar, wannan karon da gaske can za ta, sai ta sunkuyar da kai don kunya. A kan wannan wasa labarin duka yake tsaye. In fassarar da kuka samu ba ta bayyana shi ba, mai jagorar karatu ta bayyana tun farko.

Na biyu Postmaster na 1891. Saurayi ɗan Kalkata aka tura riƙon gidan waya a ƙauyen Ulapur, kaɗaici ya ishe shi. Ratan, marainiya ƴar shekara 12 ko 13, ke yi masa girki da shara. Ya koya mata karatu don rage dare, ta yi jinyarsa da zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya ajiye aiki za shi gida ta tambaye shi ko zai tafi da ita, ya yi dariya ya ce ta yaya. Ya miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa. A cikin jirgi zuciyarsa ta ce ya koma ya ɗauko ta, amma iska ta riga ta kama jirgin, sai ya shiga lallashin kansa da tunanin cewa duniya dama rabuwa ce. Masu karatu da yawa kan ɗauki wannan tunani a matsayin hikimar Tagor. Ku sake dubawa. Nan da nan marubucin ya juya ga Ratan, wadda ba ta da irin wannan falsafa, tana ta kewaya gidan wayar tana kuka. Tambayar da za ku tattauna ita ce wa labarin ya ba gaskiya.

Chhuti labarin riƙo ne. Fatik yaro ne mai ƙiriniya da kawunsa ya ɗauko daga ƙauye zuwa birni, matar kawun ba ta maraba da shi, makaranta ta gagare shi, begen uwa ya kwantar da shi. Denapaona kuwa yana buƙatar bayani kafin a fara. A al'adar mutanen labarin uban amarya ne ke biyan dangin ango, akasin sadakinmu. An yanka wa uban amarya Nirupama rufi 10,000 na kuɗin Indiya, ya kasa cikawa, surukai suka mai da ita abin wulaƙanci har ta mutu, sannan suka nemo wa ɗansu wata a kan 20,000 kuɗi hannu. Kada ku tsaya ga cewa mu ba ma yin haka. Ku tuna amaryar da ake yi wa gori a kan kayan ɗaki da gara.

Shasti da Strir Patra ku bar su sai kun saba da salonsa, don suna da nauyi. A na farko mutum ya sari matarsa da adda, ƙanensa ya ɗora laifin a kan tasa matar don ya ceci wansa, ita kuwa ta karɓi laifin ta ƙi sakinsa har igiyar rataya. Na biyu, na 1914, wasiƙa ce da mace ta rubuta wa mijinta bayan shekara 15 da aure tana gaya masa dalilin da ba za ta dawo ba.

Maganar fassara kuwa, ku buɗe shafin da ke bayan sunan littafi. In an rubuta traduit du bengali, ku ɗauka. In traduit de l'anglais ne, ku san an bi ta hannu biyu, kuma tsofaffin fassarorin Ingilishi na 1916 da 1918 sukan yanke wurare ko su sassauta. Bee Formentelli ta fassara tarin Kabuliwallah daga Bengalanci, France Bhattacharya ta fassara Chârulatâ, dukansu a kamfanin Zulma. Da Ingilishi akwai labarai 30 da Radice ya fitar a 1991. Labari ɗaya ya ishi zama ɗaya, karatu a bayyane bai wuce rabin awa ba. Wadda ke da jagora a makon ta rubuto sunayen mutanen labarin da dangantakarsu a takarda ɗaya. Ku dakata kafin shafin ƙarshe kowa ta faɗi yadda take zaton za a ƙare, domin Tagor ba ya ɗaure bakin labari yadda tatsuniya ke yi, yakan bar mai laifi ba hukunci, mai gaskiya ba sakamako, kuma daga nan hirar take tashi.

Daga wani dattijo a Ƙonni: Na ga yana yawan ambaton Ubangiji cikin waƙoƙinsa, wasu har sun yi kama da na sufaye. Wane addini yake bi?

Baba, Tagor ba Musulmi ba ne, kuma bai kamata a sa masa rigar da ba tasa ba. Gidansu na cikin jagororin Brahmo Samaj, wata tafiya ta gyara da ta fito daga cikin addinin Hindu a ƙarni na 19, wadda ta bar bautar gumaka ta riƙi Ubangiji ɗaya marar siffa, tana dogaro da tsofaffin littattafan Upanishad. Kamar da kuka ji kuma tana da tushe. Mahaifinsa Debendranat mai son waƙoƙin Hafiz na Farisa ne ƙwarai. Shi kansa Tagor ya sha daga waƙoƙin Baul, mawaƙan yawo na ƙauyukan Bengal da suka haɗa Musulmi da Hindu, irin su Lalon na yankin Kushtia. A wani ɓangaren kuma ya gaji waƙoƙin begen Radha da Krishna na addinin Hindu, daga can sarewa da jiran masoyi cikin daren hadari suka zo. Saboda haka za ku tarar da abin da zuciyar Musulmi ke amsawa, kamar ƙasƙantar da kai da tuna mutuwa, za ku kuma tarar da abin da ya saɓa wa aƙida, kamar kiran Ubangiji uba ko masoyi mai zuwa ɗaki. A karanta shi a matsayin adabin wata al'umma, kada a ɗauko baitinsa a sa cikin addu'a ko a raba shi da sunan maganar wani shehi.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni: Ya taɓa yin rubutu a kan Afirka?

Ya yi, ƴarmu. Bayan Italiya ta auka wa Habasha a 1935 ya rubuta waƙa mai suna Afirka, yana da shekara saba'in da ƴan kai. Ya zana masu farautar mutane sun zo da sarƙoƙin ƙarfe, a daidai lokacin da ƙararrawar coci ke kaɗawa a garuruwansu yara suna wasa a cinyar iyaye. Ya rufe da kiran mawaƙi ya tsaya a ƙofar wadda aka wulaƙanta ya nemi gafara. Waƙa ce mai ƙarfi, kuma muna girmama ta. Amma ki karanta da ido biyu. Afirkarsa mace ce cikin duhun kurmi, ba birni ba kasuwa ba makaranta, ba Tambutu ba Agadas ba Katsina. Masar ya ziyarta a 1926, bai zo ƙasashen kudu da Sahara ba, surar da ya samu ta littattafan zamaninsa ce. Wannan ma batu ne mai kyau ga wadda ke neman abin rubuta kundi.

Daga wani ɗalibin Hausa a Tahoua: Ina son in fassara wasu labaransa da waƙoƙinsa zuwa Hausa, amma Faransanci da ɗan Ingilishi kawai nake ji. Zai yiwu? Ta ina zan soma?

Zai yiwu, ɗanmu, kuma muna fatan ka yi, da sharaɗin ka san inda ramukan suke. Soma da labari, ba waƙa ba, kuma gajere irin Postmaster. Nemi fassara biyu da mutane biyu suka yi daga Bengalanci, ɗaya Faransanci ɗaya Ingilishi in ya samu. Ka jera su jimla da jimla. Inda suka dace da juna ka tafi da ƙarfin gwiwa. Inda suka saɓa ka sa alama, domin nan ne asalin yake da wuya ko wani ya ƙara nasa. Mai aiki da fassara ɗaya yakan gaji kurakuranta duka ba tare da ya sani ba.

Ramin farko sunayen dangi, kuma ya fi kama Bahaushe fiye da Bature, don kalmomin sun yi kama da namu. A Bengalanci mama kawu ne, wato ɗan'uwan uwa. Kaka ƙanen uba ne. Dada yaya ne namiji, didi yaya mace, mashi ƴar'uwar uwa, pishi gwaggo. Baba ne kawai ya zo daidai da namu. Masu fassara na zamani sukan bar waɗannan yadda suke, in ka kwafo su haka mai karatunka zai mai da kawun Fatik uwarsa. Tsofaffin fassarori kuma sukan tattara su duka cikin oncle da tante. Hausa ta fi Faransanci kayan aiki a nan, sai ka binciki wane ne wane daga cikin labarin ka ba kowa sunansa. Ratan tana kiran mai gidan waya Dadababu, wato yaya haɗe da maigida. In ka ce Yallaɓai ka kashe kusancin, in ka ce Yaya kawai ka rage tazarar, amma Yaya ya fi kusa da abin da ke zuciyarta, sai ka nuna tazarar ta ladabin maganarta.

Rami na biyu wakilin suna. Bengalanci na da hawa uku na kiran wanda ake magana da shi: tui ga yaro ko bara ko aminin ƙuruciya, tumi ga na kusa, apni ga wanda ake girmamawa. Ku ta girmamawa za ta ɗauke maka apni. Bambancin tui da tumi kuwa sai ta kira, irin ke yarinya ko kai yaro. Akasin haka, Bengalanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna ko a aikatau, Hausa kuwa dole ka ce ka ko ki, ya ko ta. A labari ba damuwa. A waƙa babbar magana ce, domin Tagor yakan bar ƙofa a buɗe da gangan, ba a san ko Ubangiji ake kira ko masoyiya ba. Da ka ce ke, ka mai da ita waƙar soyayya. Da ka ce kai, ka karkata ta ga addu'a. Ka yanke shawara waƙa-waƙa, ka riƙe zaɓinka daga farko har ƙarshe, ka gaya wa mai karatu a gabatarwa cewa zaɓi ka yi.

Na uku yanayi da tsirrai. Shekarar Bengal yanayi shida gare ta. In ka ga printemps kada ka rubuta bazara, domin lokacin da ake nufi daga tsakiyar Fabrairu ne zuwa tsakiyar Afrilu, sanyi ya tafi mangwaro na fure. Bazararmu ita ce zafin da ke biye da shi. In ka ga automne kada ka kawo zubar ganye. Ƙarshen damina ne, sama ta washe, shinkafa ta yi kore, lokacin manyan bukukuwansu, kuma a cikinsa aka yi auren Mini. Margousier dogon yaro ne, tamarinier tsamiya ce, banian ɗan'uwan ceɗiya ne. Furannin da ba mu da su, irin kadam da shiuli, ka bar musu sunansu ka sa kalmar fure a gaba, kada ka musanya su da namu.

In ka kai ga waƙa, zaɓi biyu gare ka. Ko zube mai daɗin faɗa, ko ƙwar biyu. In ƙwar biyu ka ɗauka, bar amsa-amo ya sauya a kowane baiti yadda yake a karin payar na Bengal, mai gaɓa 14 da ɗan numfashi bayan ta takwas. Wanda ya nace sai ya riƙe amsa-amo ɗaya har ƙarshe kamar yadda rubutacciyar waƙarmu ta saba, zai ƙare da cusa kalmomin cike gurbi, ma'anar mawaƙin ta nutse.

Da ka gama rubutun farko ka ajiye shi mako ɗaya. Sannan ka karanta shi a bayyane ga wanda bai yi lakwal ba, inna ko wani dattijon unguwa, ka riƙe alƙalami. Duk inda ya ce me ka ce, Faransanci ne ke kwance ƙarƙashin jimlar, sai ka rufe littafin ka faɗe ta yadda za ka gaya masa da baki, ka rubuta wannan.

Saura haƙƙin mallaka. Rubutun Tagor na Bengalanci ya fita daga kariya a Indiya tun farkon 2002, tsofaffin fassarorin Ingilishi kuma suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Amma fassarorin zamani da muka ambata mallakar masu su ne da kamfanoninsu. Don koyo da karatun aji ba matsala. In bugawa za ka yi ka sayar, ka rubuta wa kamfanin ka nemi izini, ka kuma tuntuɓi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa a Yamai. A shafin farko ka rubuta sunan labarin na asali da shekararsa, da sunan fassarorin da ka bi da na waɗanda suka yi su.